Mako Guda a Kan Gurbin Bulugil

Litinin

Tafkin ƙarami ne, a arewacin garin Brainerd na jihar Minesota a Amurka, kuma watan Yuni ya kama. Ni da ɗan ƙanwata muka tura kwalekwale da hantsi muka bi gefen ciyayi. Zafin ruwa ya haura digiri 20, wato lokacin da kifin bulugil ke baro zurfi ya hau tudu don saka ƙwai. Kifi ne mai faɗi kamar tafin hannu, da baƙin tabo a bayan kunne. Mun sayi lasisin kamun kifi, mun tanadi ƙananan ƙugiyoyi da gwangwanin tana. Ba mu jefa fatsa ba yau, neman gurbi kawai muka yi.

Talata

Mun same su a wata 'yar kwana mai yashi da tsakuwa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ramuka ne zagayayyu, fes da su, kusa da juna kamar gurabun dara, kowanne da namiji guda a tsaye a kansa. Shi ke share ramin da jela har tsakuwa ta fito. Ƙirjinsa ya rine ya koma jan garura, gefen fuskarsa na ɗaukar ido da shuɗi. Wanda ya taɓa ganin ramukan karfasa a gefen madatsar ruwa a gida zai gane aikin nan take, sai dai karfasar Nilu mace ce ke kwashe ƙwai ta riƙe a baki, nan kuwa mace na zubawa sai ta kama gabanta, ta bar wa namiji gadi.

Na yanki tana ƙanƙanuwa na soka, na jefa a bakin gurabun. Ko nutsewa ba ta gama yi ba aka fizga. Bulugil na juya faɗin jikinsa ya yi ta kewaya, har sai ka zaci ka kamo abin da ya ninka shi. Yaron ya yi ta ihu, "Kawu, ga wani! Kawu, ga wani!"

Laraba

Iska mai sanyi ta taso daga arewa da dare, gari ya waye da hadari. Gurabun da yawa babu kowa. Mun koma gefen ciyayi mai ɗan zurfi, muka samu matsakaita kaɗan. Sauro ya kore mu kafin magariba.

Alhamis

Rana ta dawo, su ma sun dawo. Na ajiye sanda na zauna ina kallon wani babban namiji guda. Ba ya barin ramin. Yana kaɗa fukafukansa a kan ƙwan don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, ya kori duk abin da ya matso, ya dawo ya tsaya daidai inda yake. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, shi kuma ya ci gaba da tsaron 'ya'yan har su iya iyo, duk tsawon lokacin kusan ba ya cin komai. Saboda haka cafkar da yake wa ƙugiya yawanci ba ta yunwa ba ce, kora ce. Wannan ne ya sa kamun nan ke da sauƙi, kuma wannan ne ya sa yake damuna.

Akwai wasu ƙananan maza da ke laɓe a cikin ciyayi. Masanin halittu Mart Gross ya yi nazarinsu a tafkin Opinicon da ke Ontario ta Kanada. Su ba sa haƙa rami, ba sa gadi. Suna balaga tun suna shekara 2, alhali mai gurbi sai ya kai wajen shekara 7. Idan mace ta shiga rami tana zuba ƙwai, sai ƙaramin ya yi wuf ya kutsa, ya saki maniyyinsa ya fice. In ya ƙara girma kuma sai ya ɗauki launin mata, ya shiga tsakanin ma'auratan ba a gane shi ba. Na ga irin wannan kutsen da idona yau, cikin ƙiftawar ido aka yi aka gama.

Juma'a

Da yamma muka fita, tunda rana a nan ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Yaron ya kamo mafi girman da muka gani duk makon, ya fi tafin hannuna da yatsu. Ya ce, "Kawu, wannan kam gida za shi." Na ce masa ya dubi ramin da ya ciro shi. Tuni ƙananan kifaye suka yi masa dafifi suna wawar ƙwan.

Na yi masa bayani yadda na fahimta. A ruwan arewa mai sanyi bulugil na girma a hankali, irin wannan zai kai shekara takwas ko fiye. Muddin manya na riƙe da gurabu, matasan maza kan jinkirta balaga su ci gaba da girma, don ba za su iya karawa da su ba. In aka kwashe manyan, sai matasa su fara haihuwa da wuri, ƙarfinsu ya tafi can, tafki ya cika da tsamurarru. Dokar jihar ta ba mutum damar ɗaukar 20 a rana, amma daga 2021 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota ta rage adadin zuwa 5 ko 10 a tafkuna da dama saboda wannan matsala. A ganina ta yi daidai, har ma ta makara. Doka dai lissafi take yi, ba ta hana ka zaɓe manya zalla ba, wannan ya rage tsakaninka da zuciyarka.

Ya yi shiru, ya jiƙa hannunsa kamar yadda na koya masa, ya zare ƙugiyar a hankali ya sake shi. Kifin ya miƙe sai raminsa, ya tarwatsa masu wawa.

Asabar

Matsakaita muka zaɓa, daga gefen ciyayi, daidai abin da zai ishe mu cin dare. Muka kankare su, muka shafa gishiri da yaji da garin masara, muka soya. Namansu fari ne mai garɗi, ƙaya kuma ba ta da wuyar cirewa. Wani dattijo da ke gyaran jirginsa a bakin ruwa ya ce mana sabon rukuni zai sake hawa gurabun nan da mako biyu ko uku, don bulugil kashi-kashi yake saka ƙwai har cikin Yuli. Yaron ya ce in roƙar masa mahaifiyarsa ta bar shi ya dawo lokacin.