Tsagar da ke Ɗakin Umma

Ƙofar ɗakin Umma ce ta fara ba mu labari, mu kuwa ba mu saurara ba. Wata damina ta daina rufuwa sai an ɗaga ta da kafaɗa. Muka kira kafinta ya rage mata ƙasa. Da shekara ta zagayo ta sake cijewa. Daga nan tsaga ta fito daga kusurwar taga, ta gangara a karkace tana bin layin bulo kamar matakala. Daɓen tsakar gida shi ma ya lotsa, ruwan wanke-wanke ya daina bin kwata, ya koma kwanciya a gindin bango.

Ina Abuja wurin aiki, gidan yana Kano. Duk shekara kafin ƙaramar Sallah nakan tura kuɗin siminti buhu biyu da fenti, birkila ya cike tsagar ya shafe. Sau huɗu na yi haka, ina jin na sauke nauyi. Gaskiyar magana, turo kuɗin ya fi mini sauƙi a kan in kalli Baba in ce gidan da ya gina da kuɗin sallamarsa yana nutsewa.

Wani abokina injiniyan gini ya ce in daina shafewa, in manna siririn gilashi a kan tsagar, in rubuta kwanan wata a gefe. Idan bango ya tsaya, gilashin zai zauna lafiya. Idan yana motsi, zai fashe. Mako shida da faɗuwar ruwa Umma ta turo mini hoto ta WhatsApp: ya rabe biyu.

Ranar da injiniyan ya zo, ya sa leburori su haƙa rami a gindin bangon daga waje. Ba su yi nisa ba diga ta fara fito da baƙar leda, da tsummokara, da fasassun kwalabe, har da silifas guda. Warin tsohuwar bola ya taso. Ashe a kan kududdufi muke zaune. Kowa a Kano ya san waɗannan ramuka da kakanni suka ɗebi ƙasa don tubali. Da gari ya cika, aka riƙa cike su da shara ana yanka filaye. Shara kuwa ruɓewa take yi ta zaftare, in ruwa ya shiga ta ƙara sauri. Mu kuma indararonmu a gindin bangon yake zuba, sokawe yana yoyo ta ƙarƙashin ƙasa.

Na daɗe ina shirya kalmomin da zan faɗa. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ƙasar nan ciko ce."

Ya leƙa ramin, ya ce, "Na sani. A nan muka koyi iyo muna yara. Abin da kuɗina suka iya saya ke nan, kuma ku bakwai ne a ɗaki biyu na haya."

Ban sami abin cewa ba. Ina ta tsoron faɗa masa abin da ya kwana da shi shekara ashirin.

Gyaran da ruwa aka fara shi. Aka sa wa indararo fayif ya kai ruwa waje, aka gyara sokawe. Sannan aka shiga ƙarƙashin fandisho kaɗan-kaɗan: a haƙa abin da bai wuce mita ɗaya ba har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare, a tsallake gaba a bar wancan ya kama. In aka haƙe duka lokaci guda, bangon ne zai zauna a kan masu aikin. Kwaɓin siminti ɗaya ne, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Kwana bakwai ana ba shi ruwa, kuma sai ya yi kwana 28 ake cewa ya kai ƙarfinsa. Daɓen tsakar gida fasa shi aka yi, aka kwashe bolar da ke sama, aka zuba marmara hawa-hawa ana daddaɓewa kafin a sake zuba siminti.

Kuɗin ya cinye abin da na tara don sayen mota, har na ranto a wurin yayata. Injiniyan bai yi mana alƙawarin aljanna ba. Ya ce kada a shafe tsagar sai damina guda ta wuce a kan sabon gilashi.

Umma ta rataya kalanda a wurin saboda baƙi. Ta ce kullum in Baba ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗaga kalandar, ya haska da fitilar wayarsa, ya mayar. Yau muna tsakiyar Agusta. Jiya an yi ruwa tun la'asar har dare, da safe ya kira ni da kansa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yana nan."