Kuɗi a Aljihu, Almakashi a Kanti

A cikin watan Fabrairu na 2023, lokacin da takardar Naira ta ɓuya har mutum ya koma sayen kuɗinsa da kuɗinsa a wurin masu POS, muka je duba wani tsohon malaminmu da ya koya mana lissafi a sakandare. Da kunya muka shiga gidan, domin ko lemon da za mu riƙa masa mun kasa saye. Albashi ya shiga banki, amma ya ƙi fitowa. Bayan mun gaisa muka shiga koke-koke irin namu na malaman makaranta. Malam ya saurare mu har muka gaji, sa'an nan ya yi dariya, ya sa jikarsa ta sauko masa da wani littafi mai baƙin bango daga saman kabad. Daga tsakiyarsa ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, an raba ta gida-gida kamar ta kan sarki, kowane gida da lambarsa, ga hatimi a tsakiya. Gefe guda duk an yanke shi da almakashi.

Ya ce, "Yaran nan, ku kuɗinku ne aka hana ku taɓawa. Mu kuwa mun riƙe namu a hannu, mai kanti ya ce ba su isa ba sai da wannan."

Malam yana cikin 'yan Nijeriya da suka yi karatu a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, shi a birnin Karkif na ƙasar Yukren. A watan Nuwamba na 1990, tun Yukren tana ƙarƙashin Mosko, hukumarta ta fito da wannan takarda da suke kira kupon. Ana ba mutum ita tare da albashinsa a wurin aikinsa, da hatimin wurin, kuma wata guda take yi ta mutu. In ka je kantin gwamnati sayen kaya, sai ka biya rubul, wato kuɗin Sobiyet, sa'an nan ka miƙa takardar mai kanti ta yanke gidaje daidai da kuɗin da ka biya. Kupon kaɗai ba ya sayen ko allura, rubul kaɗai kuma a irin waɗannan kantuna ya zama kare ba haƙori.

Mai karatu zai ce, to mene ne amfanin wannan wahala? Mu ma haka muka tambaya. Amsar ita ce gwamnati ce ke yanke farashi, ta kuma yanke shi ƙasa ƙwarai, alhali kuwa Mosko na ta buga rubul kayan saye na ta ƙarewa. Kuɗin iri ɗaya ne a jamhuriyoyi goma sha biyar, saboda haka duk wanda ya cika jakarsa da rubul yana iya hawa jirgin ƙasa ya zo ya kwashe sukari da takalma ya koma garinsu. Kupon aka sa ya tsare ƙofa. A nan ne abin ya tsaya mana a rai. Mun sha gaya wa ɗalibai cewa kyan kuɗi shi ne ba ruwansu da sunanka ko garinku. Naira ɗarin sarki da ta almajiri duk ɗaya ce a gaban mai ƙosai. To ga wata takarda da aka ƙirƙira musamman don ta yi tambayar da kuɗi ba sa yi: kai ɗan ina ne, kuma wa ya san ka? Tun kafin Yukren ta ayyana 'yancinta ranar 24 ga Agustan 1991, an riga an shata iyakarta da almakashin 'yan kanti.

Kowace iyaka kuwa tana da wanda take bari a waje. Malam ya ba mu labarin wani abokinsa, shi ma ɗalibi ɗan ƙasarmu, da ya zo masa baƙunta daga Mosko cikin tsananin hunturu, takalminsa ya yage. Suka yi sa'a suka iske takalman sanyi a wani kanti, ga kuɗi cike da aljihun baƙo, mai kanti ta ce ina kupon? Na Malam ɗan kaɗan ne, gwargwadon alawus ɗin ɗalibi, bai kai ba. Wata tsohuwa mai sharar ɗakunan kwanansu ta ji labari ta ce za ta ba da nata. Amma gidan da aka riga aka yanke daga jikin takarda ba ya karɓuwa, dole mai kanti ce za ta yanke da hannunta. Haka tsohuwar nan ta ɗaura ɗankwalinta ta bi su cikin ƙanƙara, ta tsaya a layi, ta saya kamar ita za ta sa. Malam ya ce har yau in ya tuna girman takalmin da ƙanƙantar ƙafar tsohuwar sai dariya ta kama shi, daga baya kuma idonsa ya kawo ruwa. Ba kowa ke da irin zuciyarta ba, ba shakka. A bakin kasuwa akwai masu sayar da takardar sukutum ga mai rubul.

Abin da aka soma sayarwa kuwa ya kama hanyar zama kuɗi. Rasha ta saki farashi ranar 2 ga Janairun 1992, ranar 10 ga watan Yukren ta fito da sabon kupon da aka bugo a Faransa, wanda ba a yanke shi, hannu zuwa hannu yake yawo. Na farkon ko lambar serial babu a jikinsu. A watan Nuwamba na shekarar aka sallami rubul, ɗan rakiya ya gaje gida da sunan karbobanets. Sai dai gadon bai yi albarka ba: a 1993 hauhawar farashi ta haura kashi 10,000 cikin ɗari, aka kai ga buga takardar miliyan guda. Da hiribniya, kuɗin ƙasar na dindindin, ta fito a Satumban 1996, sai ka kawo 100,000 a ba ka ɗaya. Lituwaniya ma ta bi irin wannan hanya da nata talonas mai hotunan dabbobi daga 1991 zuwa 1993, har jama'a suka laƙaba masa sunan Firayim Minista Vagnorius don ba'a.

Mu nan ba a taɓa yanka mana takarda a kanti ba, amma iyayenmu ba su manta da Afrilun 1984 ba, da aka sauya launin Naira aka rufe iyakoki, ga kuma layin sayen madara da sabulu na wancan zamani. A 2023 ɗin ma mun ga wanda ya fi jin jiki: mu masu asusu da waya mun lallaɓa da tiransifa, matar ƙauye da ta kawo nono kasuwa kuwa ta koma da ƙwaryarta cike, don ba ta cikin kowane rajista. Ita ce baƙon Malam mai yagaggen takalmi, sai dai ita a ƙasarta take.

Da za mu tashi muka lura kusan rabin gidajen takardar suna nan ba a yanke ba. Muka ce, "Allah Ya gafarta Malam, abin da ake rububi haka, yaya aka yi naka ya yi saura?"

Ya karɓe ta, ya mayar tsakiyar littafin a hankali, ya ce, "Wannan watan ina da rubul, ina da kupon. Kanti bakwai na zaga ina neman man girki da sabulu, ban iske komai a kan kanta ba sai gwangwanayen ganyen teku an jera su har sama. Ina cikin nema wata ya mutu."