Tafkin Warwade da Sunayen Ƙasar Dutse

Bahaushen da ba ya raɗa wa wuri suna sai ya dube shi da kyau. Dutse ta ci sunanta ne daga manyan duwatsun da suka kewaye Garu, tsohon gari inda fadar Sarki take. Jigawa kuwa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, jigayin yashi ne suka ba ta suna. Ruwayar baka ta ce maharbi Duna Magu ne ya kira wurin Gadawur, saboda yawan gadar da ya tarar a cikin duwatsun.

Da na bar garin na nufi kudu zuwa Warwade, sai na ga yadda dutse da yashi suke raba aikin ruwa a tsakaninsu. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da damina ta zuba masa daga Yuni zuwa Satumba, gangarowa yake yi ya bi ƙoramu. Yashi ya shanye wani, sauran ya taru a kwari. Irin wannan ruwa aka tare da madatsa, ya zama tafkin da masunta ke kamun karfasa da tarwaɗa, manoman rani kuma suke ban ruwa a gefensa.

Tafkin aron sunan ƙauyen ya yi, yawancin mutane ma “dam” kawai suke ce masa. A nan damuwata take. Hausa ta bambanta tafki da kududdufi, ta bambanta fadama da gulbi, kowace kalma tana faɗin zurfin ruwa da tsawon zamansa. Haka ƙananan tafkunan gindin duwatsu: sunan da dattawa suka sa musu shaida ce ta inda ruwa ke kwanciya. Idan aka manta sunan, aka cike kwarin aka yanka filaye, ruwan ba ya mantawa. Ranar da aka yi mamako, ɗakin mutum zai shiga.

Ina kira ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da su zauna da dattawan ƙauyuka su rubuta sunan kowane tafki da ƙorama, su sa shi a taswira, tun masu sanin suna raye.