Mutum na uku a cikin jirgin

Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Isa, daga kan gadar Kennedy a Yamai. Amma tun makon jiya wani hafsan sojan ruwa na Tarayyar Sobiyet, Vasili Arkhipov, ya hana ni sakat.

An haife shi a 1926, ya shiga yaƙi da Japan a 1945 yana matashi. A 1961 yana cikin jirgin ƙarƙashin teku K-19 sa'ad da injinsa na nukiliya ya lalace, ya ga abokan aikinsa sun shiga gyara, gubar ta halaka wasunsu cikin makonni.

Ranar 27 ga Oktoba 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami na Kuba, zamanin Kennedy ɗin nan na gadarmu, yana cikin wani jirgin, B-59. Jiragen Amurka na sako musu ƙananan bamabamai don su fito sama. A ciki zafi ya wuce na ajinmu a watan Afrilu, iska ta gurɓace, ga shi kwanaki ba labari daga Mosko. Kyaftin Savitsky ya ɗauka yaƙi ya ɓarke, ya so harba makamin nukiliya. Hafsan siyasa ya yarda. Saura Arkhipov, mai shekara 36. Ya ƙi. Jirgin ya fito sama, ya koma gida. Ya rasu a 1998, kafin duniya ta ji labarin sosai.

Abin da ya dawo mini da shi ba yaƙi ba ne. Mu uku muka zauna kan wani ɗalibi da aka ce ya saci wayar malami. Shugaban makaranta ya ce kora, mai kula da ladabi ya ce kora. Shaida ɗaya ce tak: an gan shi kusa da ofis. Na san wannan bai isa ba. Amma azahar ta yi, kowa ya gaji, kuma shugaban ya girme ni. Na ce to.

Mu ne dai muke cika wa yara kunne da biyayya, har mukan kira mai tambaya marar kunya. Ban tuna ranar da na koya wa wani yaro yadda zai ce wa babba a'a cikin ladabi ba.

Jiya uban yaron ya tare ni a kasuwa, ya ce: «Malam, kai ma ka yarda ɗana ɓarawo ne?» Na rasa amsa. Yau da safe na rubuta wa shugaba takarda a sake zama. Har yanzu bai kira ni ba.