Daga Gyadi-Gyadi Zuwa Bakin Teku

'Yar'uwa, mu 'yan Gyadi-Gyadi da Tarauni, ruwan da muka sani na Agusta ne, mai cika kwata. Da na hau jirgin ruwa a Legas, sai na leƙa wajen matuƙi. Allo biyu ne gabansa. Rada tana aika igiyar rediyo, ta bugi abu ta dawo, kusan kamar sikanin masu ciki. Ko cikin hazo yana ganin jirgin da ke tafe. Ɗayan taswira ce mai GPS, tana nuna inda muke.

Sai Bagwai ta faɗo mini a rai: Nuwamban 2021, madatsar Watari, 'yan Islamiyya, kwale-kwale shaƙe da jama'a. Rada ba ta maganin lodi. Na ƙara ɗaure wa 'yata rigar kariya, tana ta ƙorafin zafi.