Allon taɓawa a MacBook: ni tambaya gare ni

Jama'a, tun da aka fara raɗe-raɗin wai MacBook mai zuwa za ta zo da allon taɓawa kamar waya, sai murna nake gani. Ni dai ban yi ɗoki ba. A 2016 Apple ta cire ramin filashin da muka saba da shi, sai 2021 ta dawo da na HDMI da na katin memori. Mu 'yan cikin gari kuwa ta hannu muke saye a Beirut Road, bayan Turawa sun more ta. Da ita nake cin abinci a Ƙofar Mata. In allon nan ya tsage, wa zai canza min shi a Kano, kuma nawa? Ga ƙurar hunturu, ga yara masu dangwala yatsa.