Katafilar Langa-langa da Kalmar Tasha

Yaran Tasawa da Mayahi sun daɗe suna ƙera motoci da karan dawa da waya da gwangwanin madara, suna ja da igiya. Wani matashi mai gyaran rediyo a bakin babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Tasawa ta nufi Damagaram ya kai abin gaba: ya ƙera ƙaramar katafila mai haƙa da langa-langa, tsawon kamu biyu, ya sa mata ƙananan injuna da ya ciro daga matattun na'urori. Abin da ya rage shi ne na'urar da za ta sarrafa ta daga nesa. Kuɗin da ya tara na saye ɗaya ne, kuma ba shi zai je kasuwar ba, saƙo zai bayar.

Sunan motar ma aro ne. Katafila daga Caterpillar take, kamfanin Amurka da aka kafa a 1925, amma a bakin Bahaushe ta zama sunan duk mai tafiya kan sarƙa. Na'urar sarrafawa ita ma haka. A Tasawa a ce telekomandi, a Katsina da Kano, inda ake saro kayan, a ce rimot, kuma kalma guda ta haɗiye abu uku: na talabijin, wanda sai an saita shi ga akwatin, da na motar wasan yara mai 27 MHz, wanda biyu in sun haɗu wuri ɗaya sai su rikita juna, da na zamani mai 2.4 GHz da ke ƙulle da na'urar karɓarsa. Duk wanda ya aika da wannan kalma kaɗai, sai abin da Allah ya kawo.

Wadda ta fi ba shi aiki ita ce kalmar da Ingilishi ke kira channel. Mai gyaran rediyo da ya ji ta, tasha ce za ta zo masa a rai, kamar yadda ake murɗawa a kamo Muryar Sahel. Alhali a nan ba wurin kamawa take nufi ba, motsi guda take nufi. Faransanci ya fi kusa da gaskiya da ya ce voie, wato hanya. Sai ya zauna ya ƙirga hanyoyin katafilarsa: sarƙar dama, sarƙar hagu, juyawar jiki, damtse, hannu, cokalin haƙa. Shida ke nan. Na motar yara biyu gare shi, kuma bai san sannu ba, ko gudu ko tsayawa, haƙa kuwa aikin sannu ne. Dole sandar ta kasance mai ƙara ƙarfi gwargwadon turawa, kowane inji kuma ya sami allon da zai rage masa gudu ya mayar da shi baya.

Batun wuta bai ɗauke shi lokaci ba. Batir 18650 guda biyu daga tsohuwar kwamfuta, kowane bolt 3.7, sun isa, muddin ba a bar su a ranar Afrilu ba.

A takardar da ya ba ɗan kasuwan bai rubuta rimot ko telekomandi ba. Ya rubuta 2.4 GHz da 6CH kamar yadda ake bugawa a jikin kwali, ya zana sanduna biyu a ƙasa. Yaran shagon kuwa tuni sun fara cewa hanyar cokali da hanyar damtse, tun kayan ba su iso ba.